Tarihin Yanke Hukunci a kan Jikin Mata-Maza: Daga Rumfar Wanzami a Kasuwar Gombe zuwa Ɗakin Tiyata

1.0 GABATARWA

Tambayar farko da Bahaushe kan yi idan ya ji an haihu ita ce, "Me aka samu?" Amsar kuwa ɗayan biyu ce, ko namiji ko mace, kuma ungozoma ce ke bayar da ita tun kafin a yanke cibi, bisa ga abin da idonta ya gani. Sai dai akan sami haihuwar da ungozoma za ta duba ta rasa ta cewa, domin al'aurar jaririn ba ta tsaya sosai a ɗaya daga cikin siffofin biyu ba. Masana kiwon lafiya sun ƙiyasta cewa akan sami irin wannan a haihuwa ɗaya cikin kimanin 4,500. A ƙasa kamar Nijeriya, inda ake haihuwar jarirai kimanin miliyan 7 a shekara, wannan lissafi yana nufin sama da jarirai dubu ɗaya a kowace shekara.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu hira ce da na yi da wani dattijon wanzami a Kasuwar Gombe, inda nakan je aski tun da aiki ya raba ni da garinmu. Ya ba ni labarin wani yaro da maigidansa ya yi wa kaciya tun shi yana ɗaukar zabira. An raɗa wa yaron sunan maza, ya tashi cikin maza, sai da ya kai shekarun balaga nono ya fito masa, ya kuma riƙa ganin jini wata-wata. Kunya ta sa iyayen suka kwashe iyalinsu suka bar garin. Dattijon ya ce tun daga ranar, in aka kira shi gidan suna ya ga abin da bai gane ba, askin kai kawai yake yi ya naɗe zabirarsa, kome matsin da uban jariri zai yi masa.

Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin waɗanda suka riƙe ikon yanke hukunci a kan jikin irin wannan jariri, wato ungozoma da wanzami da malamin fiƙihu da kuma likita. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa raɗa suna da sa wuƙa abubuwa biyu ne mabambanta, cewa magabata sun san wannan bambanci, kuma duniyar likitanci ta ɗauki kusan shekara hamsin kafin ta fara dawowa gare shi.

2.0 KALMA DA MATSIN HARSHE

2.1 Kalmar Mata-Maza

Mata-maza harɗaɗɗen suna ne da aka gina da sunaye biyu, kuma duka biyun jam'i ne, ko da yake mutum ɗaya ake nufi. A bakin malamai akan ji hunsa, wadda aka aro daga Larabci. Ya kamata a bambanta mata-maza da ɗan daudu, domin jama'a sukan cakuɗa su. Daudanci hali ne da sana'a da salon magana na namijin da halittar jikinsa ba ta da wani ruɗani. Shi kuwa mata-maza, al'amarinsa na halitta ne, da shi aka haife shi, ba shi da hannu a ciki. Kalmar takan zama gori a bakin mutane, an yi amfani da ita a nan ne kawai saboda ita ce kowa ya sani.

2.2 Jinsi a Nahawun Hausa

Duk wani suna tilo a Hausa dole ya kasance ko namiji ko tamace, kuma wakilin suna da lamirin lokaci da madanganci duk sai sun bi shi. Dubi waɗannan misalai:

(1) a. Jaririn ya yi kuka.
b. Jaririyar ta yi kuka.

(2) a. Kai ne ka zo.
b. Ke ce kika zo.

Misali na (2) ya nuna cewa Hausa tana rarrabe jinsi har ga wanda ake magana da shi ido da ido. Ke nan uwa ba za ta iya ko rarrashin abin da ta haifa ba sai ta zaɓi kai ko ke. A Fulfulde, wanda shi ne harshen gidan sarautar Gombe na asali, ba haka abin yake ba. Bafulatani zai ce o wari, ko namiji ne ya zo ko mace, sai in ya ga dama ya ƙara gorko ko debbo. Haka wakilin suna na mutum na uku yake a Yarabanci da Ibo da Barbarci, babu ruwansa da jinsi.

Mafakar da Hausa ta bari ita ce lamirin da ba ya nuna mai aiki, kamar "an haihu" ko "an samu ƙaruwa", da kuma zagaye irin "abin da aka haifa". Wannan mafaka ta kwana shida ce. Ran bakwai za a yanka rago, liman zai raɗa suna, maroƙi zai shelanta shi, kuma sunan yanka ko na maza ne ko na mata. Saboda haka harshe da al'ada sun ba iyaye wa'adin mako guda su yanke hukuncin da jiki kansa kan ɗauki shekara goma sha biyu ko fiye kafin ya bayyana nasa.

3.0 ZAMANIN UNGOZOMA DA WANZAMI

Modibbo Buba Yero, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa masarautar Gombe a zamanin jihadin da aka fara a 1804, hedikwatarta kuwa Gombe Abba. Turawan mulkin mallaka suka mayar da hedikwatar Nafada a 1913, sannan suka dawo da ita Doma a 1919, inda birnin Gombe yake a yau. Cinikin auduga da gyaɗa da hatsi, da isowar jirgin ƙasa a farkon shekarun 1960, su suka cika garin da baƙi daga Kano da Katsina da Borno da sauran wurare, Hausa ta zama harshen kasuwa. Tare da fatake da 'yan koli, wanzamai ma sun kafa rumfunansu, domin kasuwa ita ce wurin da mutumin ƙauye ke samun aski da ƙaho a rana ɗaya.

Kafin zuwan asibiti, wanzami shi ne likitan fiɗa na ƙasar Hausa, kuma sana'ar gado ce mai shugabanci a ƙarƙashin Sarkin Aska. Aikinsa a kan jariri yana farawa tun makon farko: cire beli, askin suna, da tsagar gado. Shi ne kuma mai kaciyar yara maza, wadda a da akan bari sai yaro ya kai shekara bakwai zuwa tara, a yi ta da hunturu. A ɓangaren mata akwai cire angurya, wato yanke wata tsoka da ake ganin ta toshe gaban jaririya, da kuma yankan gishiri, wanda akan yi wa mace idan naƙuda ta yi tsawo, ko haila ta ƙi zuwa, ko miji ya yi ƙorafin "ba hanya".

A nan ne askar wanzami ke haɗuwa da mata-maza ba tare da ya sani ba. Jaririyar da ɗan tsakanta ya yi girma fiye da kima ana iya ɗaukarta mai angurya. Budurwar da aka haifa ba mahaifa, ko farjinta gajere ne, ana iya cewa gishiri ne ke damunta. Illar wannan yanka ta bayyana a wani nazari da Tahzib ya wallafa a 1983 a kan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka gani a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, inda ya gano cewa kimanin kashi 13 cikin ɗari yankan gishiri ne ya jawo musu cutar. Nazarin bai keɓanta ga mata-maza ba, amma ya nuna abin da aska kan yi idan ta shiga wurin da ido bai gani.

Abin lura a wannan zamani shi ne, masu yanke hukunci su ne ungozoma da kakar jariri da uba, kuma babban abin da ake kiyayewa shi ne sirrin gida. Abin da ido ya gani shi ne hujja. Ba a jiran mai jiki, domin ba a ɗauki jariri a matsayin wanda zai taɓa samun ta cewa ba.

4.0 HUKUNCIN MALAMAN FIƘIHU

Ɗalibin zaure a ƙasar Hausa yakan bi littattafan fiƙihun Malikiyya daki-daki, daga Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya, zuwa Risala da Askari, ya ƙare da Muhtasar na Shaihu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14. Wannan littafi, wanda alƙalan daular Sakkwato da na zamanin En'e suka dogara da shi, da mas'alar hunsa aka rufe shi. Ke nan batun ba baƙo ba ne ga malamanmu. Tun kafin Musulunci ma, Ibn Hisham ya kawo labarin wani alƙalin Larabawa, Amir ɗan Zarib, wanda hukuncin gādon hunsa ya hana shi barci, har baiwarsa mai kiwo, Suhaila, ta ba shi shawara ya bi mafitar fitsari.

Malamai sun kasa hunsa gida biyu. Akwai wanda al'amarinsa ya bayyana, akwai kuma mushkili, wato wanda ya rikitar. Alamomin da ake dubawa su ne: ta ina fitsari ke fita, in ta wuri biyu ne wanne ya riga ko ya fi yawa, sannan fitowar gemu ko nono, da zuwan haila ko maniyyi. Mai karatu zai lura cewa fitsari kaɗai ake iya dubawa a jariri. Sauran alamomin duk sai an balaga. Wato tsarin da kansa ya ginu a kan jira, irin abin da Bahaushe ke nufi da jiki magayi.

A lokacin da ruɗanin bai gushe ba, shari'a ba ta bar mutumin a banza ba, ta ba shi matsayi nasa. A salla yakan tsaya tsakanin sahun maza da na mata. A gādo kuwa, Malikiyya sun ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Alal misali, in mutum ya mutu ya bar ɗa namiji ɗaya da hunsa mushkili ɗaya, da hunsan namiji ne da ya sami rabin dukiya, da mace ce da ta sami sulusi. Sai a kasa dukiyar kashi 12, hunsa ya ɗauki 5, ɗan'uwansa ya ɗauki 7. Akwai kuma tsanani a cikin hukuncin, domin a wannan mazhaba mushkili ba ya aure, ba a kuma aurensa, muddin al'amarinsa bai bayyana ba.

Abin da ya fi shafar wannan maƙala shi ne maganar kaciya. Malamai sun yi saɓani a kai, wasu sun yarda a yi. Amma Ibn Naji, malamin Ƙairawan na ƙarni na 15 wanda ya yi sharhin Risala, ya tafi a kan cewa ba a yi wa mushkili kaciya, bisa ƙa'idar rinjayar da hani a kan halasci idan sun haɗu. Imam Nawawi na mazhabar Shafi'iyya, wanda ya rasu a 1277, shi ma ya rinjayar da cewa a dakata har sai al'amarin ya bayyana. Malikiyya sun yarda a raba gādo cikin shakka, domin dukiya ana iya mayar da ita, amma waɗannan malamai sun ƙi yarda a zubar da jini cikin shakka.

5.0 ZUWAN TIYATAR ZAMANI

5.1 Abin da Kimiyya ta Gano

A tsakiyar ƙarni na 20 ne aka fara gane musabbabin wannan halitta. A 1956 aka tabbatar cewa ƙwayar halittar ɗan'adam tana da kuromosom 46, kuma galibi mace tana da XX, namiji yana da XY. Amma siffar al'aura ba ta dogara ga wannan kaɗai ba, ta dogara ga sinadaran jiki da ake kira homon, da yadda jikin ɗan tayi ya karɓe su. Za a ambaci nau'i huɗu a taƙaice.

Na farko, wanda ya fi yawa, shi ne inda wani ƙullutu da ke bisa ƙoda ke kasa samar da homon ɗin da ya kamata, sai ya riƙa fitar da na maza da yawa. Jaririya mai mahaifa da gidan ƙwai lafiyayyu sai ta fito da gaba mai kama da na namiji. Yawancin masu tsananin wannan nau'i suna zubar da gishirin jikinsu, kuma za su iya mutuwa a mako na biyu ko na uku da haihuwa in ba a ba su magani ba. A 1950 Lawson Wilkins na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya nuna cewa maganin kotizon yana shawo kan cutar. Na biyu shi ne mai XY wanda jikinsa ba ya jin homon ɗin maza, sai ya fito da siffar mace sosai, ba a ganewa sai haila ta ƙi zuwa. Na uku shi ne wanda Imperato-McGinley ta bayyana a 1974 a Jamhuriyar Dominika, inda ake renon yaro a matsayin mace, da balaga sai murya ta buɗe, jiki ya koma na namiji. Na huɗu shi ne mai tsokar maraina da ta gidan ƙwai a jiki ɗaya, wanda rahotannin likitoci suka nuna ya fi yawa a kudancin Afirka fiye da Turai. Labarin dattijon Kasuwar Gombe ya yi kama da wannan na ƙarshe.

5.2 Ra'ayin John Money

A 1955 wani masanin halayyar ɗan'adam a Johns Hopkins, John Money, tare da abokan aikinsa, suka fito da ra'ayin cewa reno ne ke sa yaro ya ji shi namiji ne ko mace, muddin an tsayar da jinsin kafin ya kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, an kuma gyara al'aurar ta dace da shi. Wannan ra'ayi ya zama ƙa'idar asibitoci a duniya na kusan shekara arba'in. Da yake gina gaban mace ya fi sauƙi a wurin likitan fiɗa, sai aka mayar da yara da yawa mata, aka rage ko aka cire ɗan tsaka, aka cire maraina. Akan kuma shawarci iyaye su ɓoye wa yaron abin da aka yi masa. 

Babbar hujjar Money ita ce wani yaro ɗan tagwaye da aka haifa a Kanada a 1965, wanda aka sani daga baya da suna David Reimer. Shi ba mata-maza ba ne, azzakarinsa ne ya ƙone a wurin kaciya yana ɗan watanni. Bisa shawarar Money aka cire masa maraina, aka rene shi a matsayin mace, aka kuma yi ta shelar cewa an yi nasara. A 1997 Milton Diamond da Keith Sigmundson suka bayyana gaskiya: yaron bai taɓa yarda shi mace ba ne, kuma ya koma rayuwar namiji tun yana ɗan shekara goma sha huɗu zuwa sha biyar. Reimer ya kashe kansa a 2004.

6.0 SAKE TUNANI

Tun kafin wannan tonon silili, waɗanda aka yi wa tiyata suna jarirai sun girma sun fara magana. A 1993 Cheryl Chase ta kafa ƙungiyarsu ta farko a Amurka. Koke-kokensu sun haɗa da tabo da zafi, da mutuwar jin daɗin saduwa, da rasa haihuwa, da maimaita tiyata sau da yawa, da kuma baƙin cikin gano cewa iyaye da likitoci sun ɓoye musu tarihin jikinsu. A 1999 kotun tsarin mulki ta Kolambiya ta taƙaita ikon iyaye na amincewa da irin wannan tiyata a madadin yaro. A 2005 ƙwararru kimanin 50 suka taru a Chicago, aka wallafa matsayarsu a 2006. Sun yarda cewa a ba kowane jariri jinsin da za a rene shi da shi bayan cikakken bincike, a daina ɓoye-ɓoye, gungun ƙwararru su duba lamarin maimakon likita ɗaya, a kuma fifita aikin gaɓa a kan kyan ganinta. Ba su hana tiyatar jarirai gaba ɗaya ba.

Daga nan doka ta shigo. Malta ce ƙasa ta farko da ta hana tiyatar da za a iya jinkirtawa har yaro ya iya ba da izini, a 2015. Jamus ta yi tata dokar a 2021, Girka a 2022. A Afirka, ƙidayar Kenya ta 2019 ta ware musu gurbi, aka ƙirga mutum 1,524, sannan dokar yara ta ƙasar ta 2022 ta ambace su ta kuma ba su kariya. A watan Afrilu na 2024 majalisar kare haƙƙin ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙudurinta na farko a kan batun.

A ɓangaren Musulmi, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 1989, ta haramta sauya jinsin wanda halittarsa cikakkiya ce, ta kuma halatta wa wanda alamomin maza da mata suka haɗu a jikinsa a duba abin da ya rinjaya, a yi masa magani da tiyata ko homon domin a gusar da ruɗanin. Wannan fatawa halasci ta bayar, ba ta wajabta ba, ba ta kuma yanka shekarun da za a yi aikin ba. Sharaɗinta shi ne a san abin da ya rinjaya.

7.0 MATSAYINMU A YAU

An ƙirƙiro Jihar Gombe ran 1 ga Oktoba, 1996, kuma a shekarar aka kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a birnin, wadda daga baya aka ɗaukaka ta zuwa asibitin koyarwa. Ke nan tsakanin rumfar wanzami da ɗakin tiyata yanzu tafiyar 'yan mintoci ce. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ce maslahar yaro ita ce kan gaba a duk abin da za a yi masa, dokar hana cin zarafi ta 2015 kuma ta haramta kaciyar mata. Amma har yanzu a ɗakin mai jego da zauren uba ake yanke hukuncin farko.

Masu goyon bayan tiyata da wuri suna da hujjoji, kuma bai kamata a raina su ba. Suna cewa yaron da ya tashi da al'aura dabam zai sha gori a wurin wanka da makarantar allo, uwarsa za ta sha zargin kishiyoyi da dangin miji, kuma iyayen da likita ya ce su jira suna iya zarcewa wurin mai aska. Wasu likitocin kuma suna ganin cewa jaririya mai cutar ƙullutun ƙoda, wadda galibi takan tashi tana jin kanta mace, gyara da wuri ya fi mata sauƙi. Muhawara a kan wannan nau'i ba ta ƙare ba ko a Turai.

Duk da haka, halin da muke ciki ya ƙara wa jinkiri ƙarfi ta fuska uku. Ta farko, ba kowane asibiti ke da kayan gwajin kuromosom da homon ba, kuma wanda bai san abin da ya rinjaya ba bai cika sharaɗin fatawar Makka ba, balle na likitanci. Ta biyu, yaron da aka cire wa maraina ko gidan ƙwai zai dogara da maganin homon tun daga balaga har tsufa, abin da talaka mai sayar da hatsi tiya-tiya ba zai iya ɗauka ba, ga kuma rasa haihuwa a cikin al'ummar da haihuwa ce darajar aure. Ta uku, son ɗa namiji da lissafin gādo suna iya shiga cikin zaɓin uba, ya nace a mayar da mai mahaifa namiji. Hausawa na cewa wanzami ba ya son jarfa. Duk waɗanda ke zaune a wurin shawarar, babu wanda za a yanka a cikinsu.

Bisa ga wannan tarihi, ana iya fitar da ƙa'idoji huɗu:

(i) A rarrabe lalura da gyaran kama. Jaririn da ke amai da ramewa saboda zubar gishiri, ko wanda fitsarinsa ya toshe, ko mai ƙwayar da ake tsoron ta zama daji, ba a jira da shi. Duk jaririn da al'aurarsa ta rikitar, a kai shi asibiti kafin suna, domin ceton rai.

(ii) A raɗa suna ran bakwai bisa mafi rinjayen zato bayan bincike. Suna da tufafi da kitso duk ana iya sauya su in jiki ya nuna akasi, kuma fiƙihu ya san da haka.

(iii) Abin da ba ya dawowa in an cire, a bar shi har mai jiki ya yi hankali a ji ta bakinsa. Wannan ya haɗa da kaciya da cire angurya, saboda haka ungozomomi da wanzamai su ne farkon waɗanda ya kamata a wayar wa kai, ta hannun sarakunan aska.

(iv) A rufa asirin yaro ga jama'a, amma kada a rufe masa asirin kansa. A riƙa gaya masa gaskiya gwargwadon shekarunsa.

A nan akwai aikin da ya rataya a wuyan masana harshe. Iznin da uba ya bayar bayan bayanin da bai fahimta ba, ba izni ba ne. Har yanzu likita da ke magana da iyaye a Gombe ko Kano ko Maraɗi yana fama da ƙarancin kalmomin Hausa da za su bambanta waɗannan nau'o'i, waɗanda kuma ba su ɗauke da gori. Da Hausa ake yi wa mafi yawan iyayen Arewa bayani, har da waɗanda ba Hausawa ba, don haka samar da waɗannan kalmomi tare da likitoci da malaman addini wani ɓangare ne na maganin.

8.0 KAMMALAWA

Wannan maƙala ta bi sawun hukuncin da ake yankewa a kan jikin mata-maza ta matakai huɗu. An ga yadda nahawun Hausa da bikin suna suke tilasta zaɓi cikin mako guda, da yadda ungozoma da wanzami suka dogara da ganin ido. An ga yadda malaman fiƙihu suka ba mushkili sahu a masallaci da rabo a gādo, manya daga cikinsu kuma suka hana a taɓa shi da wuƙa sai al'amarinsa ya bayyana. An kuma ga yadda likitancin zamani ya rungumi gaggawa daga 1955, sannan ya fara ja da baya daga shekarun 1990, bayan waɗanda aka yi wa aikin sun girma sun faɗi abin da ya same su. Dattijon Kasuwar Gombe bai karanta Ibn Naji ba, bai kuma ji labarin taron Chicago ba. Yaro ɗaya da ya gani ne ya koya masa ya tsaya ga askin kai. Abin da ya rage shi ne a tattara irin wannan sani daga bakin wanzamai da ungozomomi da alƙalai tun suna raye, a kuma nemi jin ta bakin masu wannan halitta da kansu, cikin sirri da mutunci, domin su ne ba a taɓa tambaya ba a duk tsawon wannan tarihi.